Igwar jirgin ruwa a tsakiyar daji: labarin Königsberg da sojojinmu a Gabashin Afirka

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Kakan mahaifina ya yi soja a yaƙin duniya na farko, kuma an kai su Gabashin Afirka. Tsofaffin gidanmu suna cewa yakan ba da labarin wata igwar jirgin ruwa da Jamusawa ke harbo musu suna cikin daji, inda ko gulbi babu balle teku. Ni dai na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffin soja. Shin akwai gaskiya a ciki? In akwai, wane jirgi ne, kuma me ya faru da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan tsohon, bai ƙara gishiri ba. Tambayarka guda biyu ce a haɗe: yadda igwar da aka ƙera don zama a kan jirgin yaƙi ta sami kanta a kan tudu, nesa da teku, da kuma abin da ya sami jirgin da aka ciro ta daga kansa. Sunan jirgin Königsberg, na rundunar ruwan Jamus ne, kuma an hallaka shi a cikin kogin Rufiji, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, ranar 11 ga Yuli 1915. Igwoginsa guda goma duk an kwashe su, wasunsu sun ci gaba da aiki a ƙasa fiye da shekara biyu bayan jirgin ya nutse. Rundunar Nijeriya ta isa can a ƙarshen 1916, ta tarar da ragowarsu.

## Jirgin da abin da aka aiko shi yi

Königsberg yana cikin rukunin jiragen yaƙi da ake kira kuruza, wato matsakaitan jirage masu gudu waɗanda ake aikawa nesa su yi sintiri, su tsare hanyoyin fatauci na ƙasarsu, su kuma tare na abokan gaba. An gina shi a Kiel, aka tura shi ruwa a Disamba 1905, ya fara aiki a 1907. Tsawonsa mita 115, nauyinsa ya haura tan 3,400, yana ɗaukar mutum 320 da 'yan kai, kuma in an matsa masa yakan yi gudun kilomita 44 a awa. Igwoginsa goma ne, faɗin bakin kowace santimita 10.5. A ma'aunin 1914 ya riga ya fara tsufa, amma a gaɓar Gabashin Afirka ya fi duk abin da Ingila ke da shi a kusa gudu.

Ya iso Darussalam, hedikwatar mulkin mallakar Jamus a yankin, ranar 6 ga Yuni 1914, ƙarƙashin kyaftin Max Looff. Da alamun yaƙi suka bayyana, Looff ya san in ya zauna a tashar za a rufe shi a ciki, sai ya fita ranar 31 ga Yuli, kwana huɗu kafin Ingila ta shiga yaƙin. Jiragen Ingila uku na Admiral King-Hall, wato Hyacinth da Astraea da Pegasus, suka bi bayansa. Da dare aka yi ruwa da iska, Looff ya juya kai ya ba wa injin wuta, kafin hadarin ya wuce ya ɓace musu.

A shekarun da na yi ina koyar da tarihin wannan yaƙi, na lura ɗalibai sukan fara da tambayar igwa nawa jirgi ke da ita da nisan da take kaiwa. Ni kuwa nakan ce su fara tambayar kwal. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, tururi kuma sai da kwal, kamar dokin sukuwa ne da ba ya rayuwa sai da harawa da dawa kullum, kuma yadda ka tsananta masa gudu haka cinsa ke ƙaruwa. Wannan gudun da ya tsirar da Looff ya cinye masa kwal mai yawa tun kafin a harba harsashi ko ɗaya. Ingila tana da tashoshin kwal a Aden da Zanzibar da Mombasa da Durban. Jamus tana da Darussalam kaɗai, ita ma ranar 8 ga Agusta jirgin Astraea ya yi mata luguden wuta ya lalata tashar rediyonta, Jamusawa kuma da hannunsu suka nutsar da dandamalin gyaran jirage a bakin tashar don toshe ta. Mako ɗaya da fara yaƙi, Königsberg ya rasa gidan komawa.

Ranar 6 ga Agusta ya kama jirgin kaya mai suna City of Winchester a wajajen mashigin tekun Aden, cike da ganyen shayi. Shi ne jirgin fatauci na farko da Ingila ta rasa a yaƙin. Amma kwal ɗin da ke cikinsa marar kyau ne, kuma kafin Looff ya haɗu da jirgin da ke kawo masa kwal, mai suna Somali, abin da ya rage masa tan 14 ne kacal. Ya sake cika cikinsa ya leƙa Madagaskar, bai tarar da komai ba. Tukwanen tururin jirgin suna neman gyara, sai a farkon Satumba ya shige bakin kogin Rufiji.

Zaɓen wurin ba na kasada ba ne. Rufiji kafin ya faɗa teku yakan rarrabu rassa-rassa a cikin laka da itatuwan ruwan gishiri masu duhu, kuma wani jirgin safiyo na Jamus mai suna Möwe ya auna zurfin rassan jim kaɗan kafin yaƙi. Looff yana da taswira, Ingilishi ba su da ita. A tunaninsu babban jirgi ba zai iya shiga wurin ba.

Daga can ne ya sami labarin cewa akwai jirgin yaƙin Ingila shi kaɗai a tashar Zanzibar. Da asubahin Lahadi 20 ga Satumba 1914 ya dira a kansa. Pegasus ne, yana tsaye an kashe wutar tukwanensa ana gyara, ba shi da halin motsi, igwoginsa kuma ba su kai inda Königsberg ya tsaya ba. Cikin ƙasa da awa ɗaya aka gama da shi, mutum 38 suka mutu, ya nutse a ranar. Wannan da City of Winchester su ne kaɗai jiragen kirki da Königsberg ya nutsar a duk rayuwarsa ta yaƙi.

## Wata goma a cikin laka

Niyyar Looff bayan Zanzibar ita ce ya zagaya ta kudancin Afirka ya nufi gida, yana kama jirage a hanya. Injin ya ƙi. Ya koma Rufiji, ya tsaya a wani wuri da ake kira Salale, aka kwance sassan da suka lalace. Babu inda za a gyara su sai ma'aikatar jirgin ƙasa da ke Darussalam, tafiyar fiye da kilomita 150 ta daji. Aka ɗora ƙarafan a kan katakai, aka tara 'yan ƙasa kusan dubu suka ja su da igiya zuwa can, suka kuma jawo su bayan an gyara. Ka riƙe wannan hoton, don zai sake dawowa. Duk lokacin da littattafan Turawa suka ce "an kai" wani abu mai nauyi daga wuri zuwa wuri a wannan yaƙi, ƙafadun baƙar fata ne suka kai shi, kuma mafi yawansu ba da son ransu ba.

Makonnin da gyaran ya ci su ne suka yanke wa jirgin hukunci. Abin da ya faru a Zanzibar ya harzuƙa Landan, ga kuma ayarin jiragen da ke ɗauko sojoji daga Indiya da Ostireliya suna ratsa tekun Indiya. Aka turo sababbin kuruza uku, Chatham da Dartmouth da Weymouth, kowanne ya fi Königsberg girma da ƙarfin igwa. Ranar 19 ga Oktoba mutanen Chatham suka binciki wani jirgin Jamus mai suna Präsident a tashar Lindi, suka tarar da takardun da ke nuna an aika kwal zuwa Salale. Ranar 30 ga wata suka hango kan turakun jirgin sun ɗara itatuwa. 'Yar takardar lissafin kwal ce ta tona asirinsa.

Gano shi abu ne daban, kai masa hannu kuma abu ne daban. Manyan jirage ba sa shiga rassan kogin sai lokacin da teku ta cika sosai, kuma ko sun shiga, ba su san inda tudun yashi yake ba. Jamusawa sun girke ƙananan igwogi da bindigogi masu jigida a bakin kowane reshe, sun ja wayar tarho daga can har cikin jirgi, sun lulluɓe turakunsa da rassan itace. Chatham ya yi ta harbi daga nesa, ya ƙona Somali, shi kuwa Looff ya ƙara matsawa cikin kogi inda harsashi ba ya kaiwa. Ranar 10 ga Nuwamba Ingilishi suka nutsar da wani jirgin kwal mai suna Newbridge a reshen da suke zaton ta nan zai fita. Akwai wasu rassan, don haka tilas suka ci gaba da gadi.

Sai aka koma ga jirgin sama, wanda a lokacin sabon abu ne. An ɗauko wani matuƙi farar hula, Denis Cutler, daga Durban da ɗan jirginsa mai sauka a ruwa. Ya gano inda Königsberg yake, amma a Disamba injinsa ya mutu a bakin kogin aka kama shi. Jiragen da aka kawo bayansa zafi da laima suka riƙa narkar da ƙaron da aka manne katakansu da shi, wasu ko tashi sama sosai ba sa iyawa. A Janairu 1915 Ingila ta ƙwace tsibirin Mafia da ke daura da bakin kogin don ta sami sansani. Wani maharbin giwa ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Pretorius, wanda ya san yankin, ya riƙa shiga a ɓoye cikin kwalekwale tare da 'yan ƙasa yana auna zurfin ruwa da lokutan cikarsa.

A cikin jirgin kuwa zazzaɓin cizon sauro ya fi harsashi ɓarna. Magani ya yi ƙaranci, kwal na ƙarewa, kuma kwamandan sojan ƙasa, Paul von Lettow-Vorbeck, yana ta neman a ba shi mutanen jirgin, don a ganinsa suna zaune ne a banza. An ba shi wasu, jirgin ya rage da mutum ɗari biyu da 'yan kai.

A nan ne masu nazari ke rabuwa: me ya hana Looff fita ya gwada sa'arsa? Masu zarginsa sukan kawo misalin Emden, wani kuruzan Jamus da ya yi wata biyu yana ɓarna a gabashin tekun Indiya, ya kama jiragen fatauci sama da ashirin kafin a hallaka shi ranar 9 ga Nuwamba 1914. Kwatancin yana da ƙarfi, amma ni ban gamsu da shi ba. Emden ya rayu ne da kwal mai kyau da ya ƙwata daga jiragen da ya kama, a hanyoyin da jirage ke cunkushe, injinsa kuma lafiya lau. Looff ya gama gyara ya tarar an riga an tsare ƙofa, da jirage waɗanda kowannensu shi kaɗai zai iya cin sa. In ya fita, ko dai a kashe shi a bakin kogi, ko ya tsira ya tsaya cik a tsakiyar teku bayan 'yan kwanaki. Gaba kura, baya sayaki. Zamansa kuwa ya ɗaure wa Ingila jirage da yawa wata da watanni suna ƙona kwal a wuri guda, a daidai lokacin da ake bukatarsu a wasu fagagen. In akwai inda zan ɗora masa laifi, to a watan Agusta ne, da ya ɓata kwanaki da kwal yana yawo a inda babu ganima. Wannan hukuncin mai karanta takardu ne a kan tudu, wanda ya san yadda labarin ya ƙare. Looff yana yanke shawara ne da guntun labarin da rediyo ke tsinto masa.

Damarsa ta ƙarshe ta zo a Afrilu 1915. Jamus ta ɗauki wani jirgin Ingila da ta ƙwace a Hamburg, mai suna Rubens, ta sake masa kama ya zama kamar na Denmark da sunan Kronborg, ta cika shi da kwal da bindigogi da harsasai, ya zagayo Afirka. Ingilishi sun tsinci saƙonnin rediyon da ake aika masa. Hyacinth ya tare shi kusa da Tanga, ya gudu ya shige gaɓar Manza ya kafe a yashi, mutanensa suka cinna wa katakon da ke samansa wuta. Ganin hayaƙi, Hyacinth ya ɗauka an gama ya tafi. Jamusawa suka dawo suka tsamo yawancin makaman, abin da ya yi wa sojan ƙasa rana ƙwarai. Kwal ɗin dai bai kai ga Königsberg ba, kuma daga ranar zancen fita ya mutu.

## Ranakun 6 da 11 ga Yuli

Maganin da Ingila ta samo daga ƙarshe ya fito ne daga inda ba a zata ba. Kamfanin Vickers ya gina wa Barazil wasu jiragen yaƙi na kogi, masu faɗin ciki, waɗanda ba sa nutsewa a ruwa ko mita biyu. Barazil ta kasa biya, Ingila ta karɓe su da yaƙi ya tashi. Biyu daga ciki, Severn da Mersey, kowanne da igwa biyu masu bakin inci shida, aka jawo su da igiya daga Malta ta mashigin Suez, don ba a yi su don teku ba. Sun iso Mafia a farkon Yuni. Aka yi wata guda ana lulluɓe su da farantan ƙarfe da buhunan yashi.

Da asubahin 6 ga Yuli suka kutsa cikin kogin ana harbinsu daga gaɓa, suka kafa anga kimanin kilomita goma daga Königsberg. Abin lura a wannan faɗa shi ne ba wanda ke ganin abokin karawarsa, daji ya shiga tsakani. Ingilishi sun dogara da jirgin sama da ke shawagi yana aiko musu da saƙon rediyo cewa harsashi ya wuce ko ya gaza. Jamusawa sun dogara da 'yan leƙen da suka ɓoye a kan wani tudu da cikin itatuwa, suna ba da rahoto ta tarho. A ranar farko tarho ya fi jirgin sama aiki. An sami Mersey, aka lalata igwarsa ta gaba aka kashe masa mutane. Jiragen biyu sun harba harsashi sama da 600, waɗanda suka sami Königsberg ba su kai goma ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne suna harbi tare, mai kallo daga sama ya kasa bambance harsashin wane ne ya faɗi a ina.

Suka koma suka gyara tsarinsu. Ranar Lahadi 11 ga Yuli suka dawo, aka bar Severn ya yi harbi shi kaɗai, ana gyara masa saiti sannu a hankali har ya dace. Daga nan harsasai suka riƙa sauka a kan jirgin ɗaya bayan ɗaya. Igwoginsa suka yi ta yin shiru, wayar da ke haɗa shi da 'yan leƙensa ta katse, wuta ta kama wajen ajiyar harsasai. Duk da haka sun harbo jirgin saman da ke ba da rahoto, kuma mai rediyon cikinsa ya ci gaba da aiko saiti yana gangarowa har suka faɗa ruwa kusa da Mersey aka tsamo su. Looff ya ji rauni mai tsanani. Wajen ƙarfe biyu na rana ya ba da umarni a bar jirgin, aka fasa kan tofido, wato bam ɗin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, a cikinsa, ya zauna a kan laka, samansa a waje. Mutum 19 suka mutu a ranar, 45 suka ji rauni. Wannan yana cikin lokutan farko a tarihi da aka hallaka jirgin yaƙi da taimakon ido daga sama.

## Yadda igwa ta hau tudu

Ga inda amsar tambayarka take. Ingilishi sun ga jirgin ya ƙone, suka juya suka tafi ba tare da sun matsa sun farfasa igwogin ba, kuskure irin wanda suka yi a Manza wata uku kafin nan. Ruwan wurin ba shi da zurfi. Jamusawa suka dawo, masu nutso suka tsamo makullan bayan igwa da aka jefa a kogi, aka kwance duka goman aka kai Darussalam. Biyar aka girke don tsaron birnin, biyu aka kai Tanga, ɗaya Mwanza a bakin tafkin Victoria, biyu Kigoma a bakin tafkin Tanganyika. Ɗaya daga na Kigoma an ɗora ta a kan jirgin Graf von Götzen, wanda daga baya aka sake masa suna Liemba ya yi shekaru da dama yana jigilar fasinja a tafkin. Ma'aikatar jirgin ƙasa ta ƙera wa wasu ƙafafu, sannan a Maris 1916 wani jirgin Jamus, Marie, ya tsallake shingen Ingila ya kawo ƙarin harsasai da kekunan igwa. Ma'aikatan jirgin suka zama sojan ƙasa, su ne ke harba su.

Don ka gane abin da wannan ke nufi ga wanda ake harbi, kwatanta da abin da namu ke da shi. Igwar rundunar Nijeriya ƙarama ce ta hawan dutse, wadda ake kwancewa a ɗauka a ka, kuma ba ta wuce kilomita huɗu da rabi. Ta Königsberg tana jefa harsashi mai nauyin kilo 16 ko fiye zuwa kilomita goma sha biyu. Soja yana cikin rami, ba ya ganin inda take, ba shi da abin mayar da martani, sai dai ya ji tahowar harsashi ya jira. Mutumin da ya sha wannan ba zai manta ba har tsufansa.

Na tsaya a gaban ɗaya daga cikinsu a Mombasa, a wajen ganuwar Fort Jesus, inda aka ajiye ta kusa da wata igwar da aka tsamo daga Pegasus, jirgin da ta taimaka wajen nutsarwa. Bakinta bai fi a zura dunƙulen hannu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai nauyinta ne: doguwar ganga ta ƙarfe zalla a kan ƙafafun ƙarfe, tan da yawa in an haɗa da keken. A ƙasar da ƙudan tsando ke kashe doki da alfadari da sa cikin 'yan makonni, babu abin da zai ja wannan sai mutum. Ɗaruruwan 'yan dako ake ɗaura wa igwa ɗaya, su haura da ita dutse, su ratsa fadama, wasu na biye da harsasai a ka. A ɓangaren Ingila kaɗai, 'yan dakon da suka mutu a wannan fage sun kai kusan 95,000, yawanci da yunwa da atuni da zazzaɓi. Ana yawan yaba wa Lettow-Vorbeck da dabarar yaƙi, kuma yana da ita, amma ni ba na iya karanta yabon ba tare da na tuna ƙauyukan da aka kwashe wa maza da hatsi ba, daga ɓangarorin biyu.

Nauyin nan ne ya riƙa cinye igwogin ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da Jamusawa suka ja da baya da sauri, sai su fasa wadda ba za ta jawu ba. An rasa ta farko a Kahe a Maris 1916, wasu suka bi a Kondoa Irangi da Mwanza da Bagamoyo da wajen Tabora. Darussalam ta faɗi a farkon Satumba 1916.

Wannan ya ba mu damar taƙaita lokacin da tsohonku zai iya haɗuwa da ita. Birged ɗin Nijeriya, bataliya huɗu ƙarƙashin Janar Cunliffe wanda ya jagoranci yaƙin arewacin Kamaru, ya sauka Darussalam a Disamba 1916. Cikin jiragen da suka kai su har da Mendi, wanda ya nutse a gaɓar Ingila a Fabrairu 1917 da ɗaruruwan 'yan Afirka ta Kudu. Lokacin da namu suka iso, igwogin da suka rage kamar uku ne. Rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, wadda ita ma ke da Hausawa da yawa, ta riga su zuwa, kuma ta sha wutar irin wannan igwa a duwatsun Kibata a Disamba 1916. Sojojin Nijeriya an tura su yankin Rufiji ɗin kansa, can sama da inda gawar jirgin ke kwance, damina ta rutsa da su a farkon 1917, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare har wasu suka ci saiwoyin daji masu guba suka mutu. Babban karonsu shi ne Mahiwa, a kudu kusa da Lindi, daga 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917, inda aka yi musu ƙawanya. Ƙididdigar da aka fi ambata ta ce ɓangaren Ingila ya yi asarar mutum 2,700, matattu da masu rauni, cikin kimanin 4,900, kuma ɗaruruwa daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. A wannan watan ne aka fasa igwogi biyu na ƙarshe, ɗaya a Mahiwa, ɗaya a Masasi. Da Lettow-Vorbeck ya haye kogin Ruvuma zuwa Mozambik a ƙarshen Nuwamba, babu ko ɗaya tare da shi. Saboda haka in tsohon yana cikin rundunar Nijeriya, abin ya faru ne tsakanin Disamba 1916 da Oktoba 1917, kuma zato mafi ƙarfi yana kan Mahiwa da kewayenta.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Marie ya kawo wasu igwogin masu faɗin baki iri ɗaya, waɗanda ba na jirgi ba ne, kuma sunan Königsberg ya yi tashe a sansanoni har kowace babbar ƙara akan jingina masa ita. Labarin baka zai tabbatar maka cewa ya san igwar kuma yana fagen da take, amma shi kaɗai ba zai nuna wace rana ko wace igwa ba. Abin da ke taimakawa shi ne lambar yabo. In akwai ta a gidanku, duba gefenta: ana sassaƙa sunan soja da lambarsa da rundunarsa a jikin bakin. Da wannan lamba ake bin rajistar lambobin yabo da ke ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, daga nan a san bataliyarsa, bataliya kuma ita ke nuna inda ya taka. Kada ka tsaya neman sunan da kuka san shi da shi kawai, domin magatakardan soja sukan rubuta sunan mutum haɗe da na garinsu a madadin na mahaifi, kuma rubutun yakan karkace.

Shi Looff ya warke, ya jagoranci tsaron Darussalam, daga baya ya koma kudu, aka kama shi a Nuwamba 1917 cikin marasa lafiya da masu raunin da aka bari a baya. Lettow-Vorbeck bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918 a Abercorn, garin da yau ake kira Mbala a Zambiya, mako biyu bayan an tsagaita wuta a Turai. Banda ta Mombasa, akwai igwa ɗaya a gaban Union Buildings a Pretoria, wata kuma a barikin Jinja a Uganda. Gangar jikin jirgin an sayar da ita ga tsohon kyaftin ɗin Pegasus a shekarun 1920 a kan fam 200, aka yi ta ɓamɓarar abin da za a iya ɗauka, ragowar ta rufta cikin lakar kogin a 1966.